Yadda Ake Rubuta Littafin Godiya Don Samun Kwanciyar Rai

Duk wanda ya taso a Zariya ya san ba ma rowar godiya da baki. Ka fito daga gida a Muciya ka nufi kasuwar Sabon Gari, kafin ka isa ka ce "mun gode Allah" ya fi sau goma. "Yaya aiki?" "Da godiya." "Yaya iyali?" "Mun gode Allah." Har 'ya'yanmu mata muna raɗa musu suna Godiya. Amma a tsayar da mutum a ce masa, "To ɗan'uwa, me Allah ya yi maka yau takamaimai?" sai ka ga ya yi shiru yana sosa ƙeya. Kalmar ta zama kamar tsohon kwabo, ta sha hannu har rubutun jikinta ya goge.

Ni ma haka nake har shekarar da na ajiye alli. Na yi ritaya, kuɗin sallama suka maƙale, wata ya bi wata. Da rana in yi ta ce wa mutane "sai godiya", da dare in kwanta ido biyu ina lissafin kuɗin makarantar yara da na haya har zakara ya yi cara. Wata dattijuwa a zumuntar matan ikkilisiyarmu ce ta lura na rame. Bayan sujada ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Malam, kai mai biro ne. Bashin da mutane ke binka ka rubuta shi, wannan na sani. Na godiya da Allah yake binka fa, ka taɓa rubutawa?" Na ce, "Mama, ban taɓa ba." Ta ce, "To je ka fara." Ga yadda na koyi yin sa, haɗe da kurakuran da na tafka a hanya.

Dalilin da ya sa sai an rubuta shi ne, zuciyar ɗan Adam ta fi riƙe ɓacin rai a kan alheri. Mutum goma su gaishe ka da fara'a, ɗaya ya harare ka, da hararar za ka kwana. Rubutu yana tilasta wa hankali ya waiwaya ya ga sauran goman nan. Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan. A 2003 wasu malaman jami'a biyu a Amurka, Robert Emmons da Michael McCullough, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da ɗalibai. Sun kasa su gida uku: wasu su rubuta abubuwa biyar da suke godiya a kai, wasu abubuwa biyar da suka dame su, wasu kuma abubuwan da suka faru kawai, sau ɗaya a mako, har makonni goma. Masu rubuta godiya suka fi sauran jin daɗin rayuwarsu, suka fi sa ran alheri a mako mai zuwa, suka kuma rage kukan ciwon jiki. Da aka maimaita gwajin na kwana 21 da masu fama da ciwon jijiya da tsoka, sai suka ce barcinsu ya gyaru. Mu kuwa tun a Zabura ta 103 Dawuda yake gargaɗin ransa kada ya manta da alheran Ubangiji. Ba a gargaɗin wanda ba ya mantuwa.

Da farko, nemi littafi da biro

Littafin rubutu irin na 'yan makaranta ya isa, mai falle 40 ko 60. Kada ka sayi mai tsada mai bangon fata. Na yi wannan kuskuren: littafin ya yi kyau har na riƙa jin kunyar ɓata shi da maganar ƙosai da kunu, ya yi wata biyu babu ko layi ɗaya a ciki. A keɓe shi ga wannan aiki kaɗai, ban da lissafin cefane, ban da lambar waya.

Wasu za su ce ai waya ta ishe su. Ba haramun ba ne, sai dai ka buɗe waya da niyyar godiya, saƙon WhatsApp ya shigo, kafin ka farga ka yi rabin awa kana kallon rigimar da ba taka ba. Takarda ba ta kiran mutum. Amma ga wanda ido ya yi rauni ko bai yi karatu ba, ya faɗa jika ya rubuta masa, ko ya ɗauki muryarsa a waya.

Ka rubuta da harshen da kake addu'a da shi in abu ya kai maka iya wuya. In Hausa ce, Hausa. In Jju ne ko Tyap ko Turanci, ko ma gauraye, babu mai duba maka nahawu. A shafin farko ka sa kwanan wata da aya ɗaya da za ta zama maka tushe. Ni Zabura 103:2 na sa. Da nake kwafe ta daga Littafi Mai Tsarki na Hausa sai na tuna cewa a nan ƙasar Zazzau Likita Mila, wani Bature ɗan mishan, ya yi shekaru yana aikin fassara, kafin cikakken littafin ya fito a 1932. Wannan ya zama abu na farko da na rubuta: na gode da zan iya karanta Maganar Allah da harshen da ake ciniki da shi a kasuwarmu.

Na biyu, tsayar da lokaci

Ka ɗaura shi a jikin abin da ka riga ka saba yi, kada ka bar shi sai ka sami sukuni. Ni nakan yi nawa da zarar an gama addu'ar iyali ta dare, kafin in kwanta. Minti goma ne. Mai aikin dare a asibiti ko ɗalibin jami'a a Samaru da ke karatu har tsakar dare zai fi jin daɗin yin nasa da safe bayan karatun Littafi. Littafin ya zauna a kan Littafi Mai Tsarki, biro a cikinsa, tocila a kusa, don kada ɗauke wuta ya zama hujja.

Sau nawa? Makonni biyu na farko ka yi kullum, don hannu ya saba. Bayan nan ka duba kanka. Wata mai bincike a Kalifoniya, Sonja Lyubomirsky, ta gwada mutane na makonni shida, sai ta tarar waɗanda suka ƙirga alheransu sau ɗaya a mako sun amfana, masu yi sau uku a mako kuwa ba su nuna wani canji ba. Abin da aka fahimta shi ne, in abu ya zama aikin dole yakan rasa ɗanɗano. Saboda haka in ka ga ka fara rubutu kamar mai sa hannu a rajista, ka koma yammacin Lahadi kawai, ka zauna ka yi shi da kyau.

Na uku, kada ka fara rubutu nan take

Zauna tukuna. Ja numfashi a hankali sau uku ko huɗu, ka yi gajeriyar addu'a: "Ya Ubangiji, buɗe idona in ga inda ka bi da ni yau." Sannan ka bi ranar daki-daki tun daga farkawa. Me ka ci? Wa ka fara gaisawa da shi? Wace hanya ka bi? Me aka faɗa maka da ya tsaya maka a rai? 'Yan'uwanmu Katolika sun daɗe da irin wannan bitar ta yamma. Waliyyi Ignatius na Loyola, wanda ya rasu a 1556, ya koya wa almajiransa su binciki ranarsu a gaban Allah, kuma da godiya ake buɗe binciken, kafin a zo kan kurakurai. Tsarin yana da hikima. Wanda ya fara da laifofinsa yakan tsaya a nan, ba ya ƙarasawa.

Na huɗu, rubutun kansa

Nan ne aikin yake, nan kuma akasarin mutane ke gajiya su bari.

Sa kwanan wata. Rubuta abubuwa uku. In sun kai biyar, madalla, amma uku da aka tauna sun fi goma da aka haɗiye. Ka yi magana da Allah kai tsaye, "Na gode maka, Uba," domin wannan ne ya bambanta littafin Kirista da jerin abubuwan jin daɗi. Kyauta tana da mai bayarwa.

Satina na farko ga abin da na riƙa rubutawa: rai, lafiya, iyali. Kashegari: rai, lafiya, iyali. Ran na biyar na ji kamar ina yi wa kaina ƙarya. Gaskiya ne duka, amma gaisuwar hanya ce na mayar takarda. Gyaran shi ne kowane abu ya zo da amsar tambaya uku: mene ne ya faru, ta hannun wa, kuma me ya sa ya taɓa ni. Duba bambancin:

"Na gode don abinci."

"Na gode maka, Uba, don tuwon masara da miyar kuka da uwargida ta yi da ɗan abin da ya rage a gidan, har yara suka ƙoshi ba su san buhu ya kusa ƙarewa ba."

Ko kuwa: "Na gode don mai keken da ya ɗauko ni daga Kwangila, da ya ga canjina bai cika ba ya ce in bar shi. Ban san sunansa ba, kai ka sani." Irin wannan layin, ko bayan shekara biyar ka karanta shi za ka ga fuskar mutumin.

Ka kafa wa kanka doka: ba za ka maimaita abu ɗaya da kalmomi ɗaya ba a cikin mako. Kana iya gode wa Allah don matarka ko mijinki kullum, amma kowace rana da sabon dalili. Wannan dokar ce ke sa ido ya fara farauta tun da rana. Za ka ji kanka da hantsi kana cewa a zuci, "wannan zai shiga littafi."

Ranar da ka rasa abin rubutawa, ka leƙa waɗannan wurare. Jikinka: ƙafar da ta kai ka ta dawo da kai, ciwon kan da ya sauka. Halitta: ruwan farko da ƙamshin ƙasa bayan zafin Afrilu, ko ranar da ta ɓullo ta cikin hazon hunturu ta gasa maka baya. Maganar Allah: aya ko baitin waƙa da ya biyo ka gida daga sujada. Sai kuma abin da bai faru ba: motar da ta kauce, zazzaɓin yaro da bai kai ku asibiti ba, maganar da ta zo bakinka ka haɗiye. Wata dabara kuma ita ce ka ɗauki abu ɗaya da ka saba da shi, kamar rijiyar gidanku ko maƙwabcin da kuke zaman lafiya da shi, ka yi tunanin yadda wannan makon zai kasance da babu shi.

Akwai godiyar da ya kamata a guje mata. A Luka 18 Bafarisiyen nan ma da godiya ya buɗe addu'arsa, amma godiyar cewa shi ba kamar sauran mutane yake ba. In ka ga layukanka sun fara zama "na gode ban zama kamar wane ba", ka soke. Wannan awo ne da maƙwabci, kuma mai awo ba ya samun barci, don kullum akwai wanda ya fi shi.

Na biyar, ranar da babu daɗi

Za ta zo. Za a yi rasuwa, ko a kore ka daga aiki, ko gari ya rikice a kwana cikin fargaba. Mu mutanen jihar Kaduna ba sai an ba mu labarin irin wannan dare ba. In ka tilasta wa kanka rubuta "komai lafiya" a irin wannan rana, littafin ya zama wurin munafunci, kuma ciwon da aka rufe ba a wanke ba ruɓewa yake yi.

Ga abin da nake yi. Nakan buɗe shafi biyu masu fuskantar juna. Na hagu na kuka ne: in rubuta abin da ke ci mini rai yadda yake, ba ado. Na dama na godiya, ko da layi ɗaya ne. Akwai daren da abin da na iya sa wa a dama shi ne, "Na gode wannan ranar ta ƙare." Ya isa.

Wannan ba rashin bangaskiya ba ne. Zabura ta 13 da tambayar "har yaushe" ta fara, sau huɗu, kafin ta kai ga yabo. Ta 88 ma ba ta kai ga yabon ba, cikin duhu ta ƙare, kuma ba a cire ta daga Littafi ba. A Yohanna 11, Yesu ya yi hawaye a kan Li'azaru a aya ta 35, ya ɗaga ido ya yi wa Uba godiya a aya ta 41. Wuri ɗaya, rana ɗaya. Bulus ya ce wa Tasalonikawa su yi godiya a cikin kowane hali, kuma shi da ya faɗa ya san kurkuku da bulala. Ba a ce ka ce mugunta tana da kyau ba. An ce ko a tsakiyarta ka nemi inda hannun Allah bai sake ka ba. A Filibiyawa 4:6-7 roƙo da godiya tare aka ɗaure su, sannan aka yi alkawarin salama. Shafin hagu da na dama ke nan.

Ina roƙon masu ziyarar gaisuwa ma su ji wannan. Kada ka je gidan makoki ka ce wa gwauruwa ta ƙirga alheranta. Zauna da ita, ka kawo abinci. Littafin godiya mutum ke buɗe wa kansa, ba a ɗora masa.

Na shida, koma wurin mutumin

Bayan wata ɗaya za ka lura sunaye sun cika littafin, domin yawancin alherin Allah ta hannun mutane yake zuwa. Kutare goma aka warkar a Luka 17, ɗaya ne ya komo, shi ma Basamariye. Sau ɗaya a wata ka zaɓi mutum ɗaya daga cikin shafukan, ka taka ka je, ko ka kira shi, ka faɗa masa ainihin abin da ya yi maka da yadda ya taimake ka. Martin Seligman da abokan aikinsa sun gwada irin wannan ziyarar a binciken da suka wallafa a 2005, suka ga ta ɗaga farin cikin masu yin ta sosai har tsawon wata guda, daga baya tasirin ya ja baya. Shi ya sa nake cewa a maimaita duk wata. Bahaushe ya ce yaba kyauta tukwici.

Kuma kada ka tsaya a 'yan coci. Mutum na farko da na je wa maƙwabcina ne, wani Alhaji mai shago da ya riƙa ba ni kaya bashi watanni bai taɓa aiko yaro ba. Na ce, "Alhaji, na zo ne in yi godiya, ba wani abu ba." Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ai maƙwabtaka ce." Amma daga ranar gaisuwarmu ta canza.

Na bakwai, karanta baya

Wanda ya rubuta bai karanta ba ya yi noma ya bar amfanin a gona. Ranar Lahadin ƙarshen wata ka koma shafin farko na watan ka karanta a hankali. Duba shafukan hagu musamman. Duk kukan da aka amsa, ka ja layi a ƙarƙashinsa da jan biro, ka sa kwanan watan da amsar ta zo. Wanda ba a amsa ba ka bar shi, ka ci gaba da kai shi gaban Allah. Na yi mamakin yawan abubuwan da suka hana ni barci a watan Maris waɗanda a watan Yuli na manta ma sun taɓa damuna.

Isra'ilawa da suka haye Urdun, duwatsu goma sha biyu aka sa su ɗauko daga tsakiyar kogin, domin ranar da 'ya'yansu za su tambayi ma'anarsu. Sama'ila ya kafa dutse ya kira shi Ebenezer, yana cewa har zuwa nan Ubangiji ya taimake mu. Mu ma muna da namu. Duk lokacin da na je Wusasa na ga tsohuwar majami'ar St. Bartholomew, ginin ƙasa na 1929 da har yau yake tsaye a kusa da dutsen Kufena, nakan ce waɗanda suka gina ta sun bar mana abin nunawa yara. Littafinka ƙaramin dutse ne irin wannan. Lokacin bikin godiya na kaka, sa'ad da ake shigo da damman dawa da buhunan masara gaban bagade, ko daren 31 ga Disamba da ake ba da shaida, ba za ka tsaya kana "Allah ya yi mini abubuwa da yawa" ba. Za ka faɗi abu da ranarsa.

In kana so iyali su shiga, a ajiye wani littafin dabam na gida. Bayan addu'ar dare kowa ya faɗi abu ɗaya, yaro mai kyan rubutu ya rubuta. Kada a yi wa ƙaramin dariya in ya ce ya gode don rake. Naka na kanka kuwa sirrinka ne, ka gaya wa mutanen gida kada a buɗe, domin wanda ya san za a karanta ba ya rubuta gaskiya a shafin hagu.

In ka tsallake kwana uku ko wata guda, kada ka zauna cike gurbi, kada kuma ka kama kanka da laifi. Sa kwanan watan yau ka ci gaba.

Inda littafi ba ya isa

Wannan ba maganin ciwon damuwa ba ne. Binciken da aka tattara daga baya ya nuna taimakon da rubutun godiya ke yi wa mai ciwon damuwa ko fargaba kaɗan ne, ba ya maye gurbin likita. In mutum ya kai makonni biyu ko fiye cikin baƙin ciki kusan kullum, abin da yake so da ya daina ba shi sha'awa, barci da cin abinci sun rikice, aiki ya gagara, to lokacin ganin likita ya yi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. In tunanin kashe kai ya shigo, kada a jira makonni biyun. A ranar a gaya wa wani na kusa, fasto ko ɗan'uwa, a tafi asibiti tare. Wanda kuma likita ya ɗora a kan magani, kada ya ajiye shi don ya fara jin sauƙi da rubutu.

Annabi Iliya ya kai inda ya zauna a gindin itace ya roƙi mutuwa, a 1 Sarakuna 19. Abin da Allah ya fara aiko masa shi ne gurasa da ruwa da barci, har sau biyu, magana ta biyo baya. Fastocinmu da shugabannin zumunta su riƙe wannan, su daina ce wa mai ciwo rashin godiya ne ke damunsa.

Idan littafin ya cika, rubuta ranar farawa da ranar gamawa a bangonsa, ka sa shi a leda ka ɗaure, ka ajiye a akwati nesa da bango. Gara da laimar damina sun ci mini na farko har rabi kafin in farga. Ka sayi sabo tun saura falle biyar a tsohon.